TARIHIN TURBO, DA AMSA GA MAI A-KORI-KURA DAGA MAKODA

Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a ƙaramar hukumar Makoda ta Jihar Kano. Ya ce shi manomi ne, kuma da kaka yana taɓa fataucin hatsi. Yana da tsohuwar a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, wadda yake ɗaukar gero da dawa da wake da ita zuwa Dambatta, wani lokaci har kasuwar Dawanau. To motar ta fara gazawa, in an yi mata lodi sai ta riƙa nishi. Wani yaro a gareji ya ce masa ya kawo kuɗi a sayo turbo a Ƙofar Ruwa a ɗaura mata, za ta koma kamar sabuwa. Shi ne yake so mu ba shi tarihin wannan abu, wa ya ƙago shi, kuma shin da gaske ne ana iya ɗaura shi a injin da ba a ƙera shi da shi ba?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Amsa a taƙaice ita ce ana iyawa, an kuma sha yi. Amma kafin ka kwance bakin buhu ka sayar da wakenka, ka saurari abin da ya sami waɗanda suka riga ka gwadawa, don cikinsu har da manyan kamfanonin duniya.

Da farko dai ka san inji numfashi yake yi. Fistan in ya yi ƙasa sai ya zuƙo iska da fetur, in ya yi sama ya matse su, fulogi ya ba da wuta, abin ya fashe ya tura fistan ƙasa da ƙarfi. Mutane suna ganin mai ne ke tafiyar da mota, amma mai ba ya cin wuta sai da iska, kuma iskar ba kaɗan ba. Kilo 1 na fetur yana bukatar wajen kilo 15 na iska. Wato lita 1 da ka saya sai ta sami iska kusan lita 9,000, cikin durom 45 ke nan, kafin ta ƙone sarai. Zuba wa inji mai da yawa ba wuya, kowane bakanike zai iya buɗe kafireto. Wuyar ita ce samo iskar da za ta ƙone shi. Injin 504 ɗinka iyakar abin da ƙirjinsa ya zuƙo shi yake samu.

Ka je maƙera ka duba. Gawayi yana ci a hankali, amma da yaron maƙeri ya kama zugazugi sai wuta ta yi fari, ƙarfe ya yi laushi. To turbo zugazugin inji ne. Farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, ta biyun ta danna iska cikin inji da ƙarfi. Dabarar ta yi kyau ƙwarai, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da ka saya ta salansa yake ficewa a banza. Sai dai wannan 'yar farfela tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin da a injin fetur yake kai awo 900. Ka riƙe waɗannan lambobi biyu, za mu komo kansu.

Wanda ya fara rubuta wannan dabara ya yi mata rajista wani injiniya ne ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Buchi, a shekarar 1905. An haife shi a garin Winterthur a 1879, ya rasu a 1959. Dabara ta zo masa da wuri, amma ƙarfen da zai jure wannan zafi bai samu ba tukuna, don haka ya yi shekara kusan ashirin yana fama kafin abin ya shiga aiki sosai.

Yaƙi ne ya tura abin gaba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya matuƙa jiragen sama suka lura cewa duk sa'ad da jirgi ya yi sama ƙarfinsa raguwa yake yi, saboda iskar can sama ba ta da kauri. Wani Bafaranshe, Auguste Rateau, ya gwada turbo a injinan jiragen yaƙin Faransa. A Amurka kuma, a 1918, wani injiniyan kamfanin General Electric mai suna Sanford Moss ya ɗora injin jirgi a kan babbar mota ya hau da shi ƙololuwar dutsen Pikes Peak, mai tsawon mita 4,300. Injin da ke ba da ƙarfin doki wajen 350 a ƙasa, da ya isa can sai ya koma 230. Da aka haɗa masa turbo sai ya ba da 356. Ka lura fa, a nan ba ƙari aka yi wa injin a kan abin da aka gina shi ya ɗauka ba, abin da tsawo ya ƙwace masa aka mayar masa. Shi ya sa jiragen Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu, irin su B-17 da P-47, suka ji daɗin turbo. Kai kuwa a Makoda tsawon ƙasarku daga teku bai wuce wajen mita 500 ba, abin da tsawo yake rage wa injinka bai fi kashi biyar cikin ɗari ba. Ko direbobin Jos, da suke kan mita 1,200, sun fi ka hujja.

Shi Buchi sai a 1926 ya ga amfanin wahalarsa, sa'ad da jiragen ruwa biyu na Jamus, Preussen da Hansestadt Danzig, suka fara aiki da injinan dizal masu turbo. Ƙarfin kowane inji ya tashi daga doki 1,750 zuwa 2,500. A 1938 kamfanin Saurer na Suwizalan ya sa shi a babbar mota, a shekarun 1950 kuma Volvo na Suwidin da MAN na Jamus suka bi sahu. Duk waɗannan dizal ne, wato gas kamar yadda muke cewa a tasha, kuma akwai dalili. Injin gas iska zalla yake matsewa, sai a ƙarshe nozul ya fesa mai. Ba abin da zai kama wuta kafin lokacinsa. Ga shi kuma tun asali an gina shi da kauri, hayaƙinsa bai kai na fetur zafi ba. Shi ya sa yau da wuya ka ga sabuwar tirela ko tarakta babba da ba turbo.

Ƙananan motoci masu fetur sai a 1962 abin ya iso gare su, kuma labarin da ya fi dacewa da tambayarka ke nan. A wannan shekara kamfanin General Motors na Amurka ya fito da motoci biyu masu turbo. Ɗaya sunanta Oldsmobile Jetfire. Abin da masu ita suka yi kusan shi ne abin da yaron garejinku yake so ya yi maka. Suka ɗauki injin da suke da shi, mai matsi ƙwarai, wanda fistan yake matse iska fiye da ninki 10, suka ɗaura masa turbo ba tare da sun rage matsin ba. Ƙarfi ya tashi daga doki 185 zuwa 215.

To amma sun san akwai matsala. Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san famfo yana ɗaukar zafi a hannu, don iska in an matse ta zafi take yi. Turbo ya matse ta sau ɗaya, fistan ya sake matse ta, ga fetur a ciki. Sai cakuɗin ya fashe da kansa ba bisa ƙa'ida ba, kamar ana dukan kan fistan da guduma. Shi ne wannan ƙara da kake ji ƙyal-ƙyal-ƙyal in ka taka mota da lodi a babbar giya. A injin da ba turbo gargaɗi ne. A mai turbo kuwa cikin ɗan lokaci sai ya huda fistan ko ya karya ringi ko ya ƙone gaskit.

Maganin da masu Jetfire suka samo shi ne suka sa wani ɗan tanki na daban, ana zuba masa ruwa da aka gauraya da wani sinadari mai suna metanol, yana fesawa cikin inji don ya sanyaya iskar. Idan tankin ya ƙare sai wata na'ura ta rage aikin turbo don kada inji ya lalace. To mutane ai ka san su. Wa zai riƙa tuna tanki na biyu? Sai suka riƙa barinsa ya bushe, su dawo suna ƙorafi mota ba ta gudu. Cikin shekara biyu aka daina ƙera ta, ba a sayar da 10,000 ba. A 1965 kamfanin da kansa ya ce duk mai so ya kawo motarsa a cire masa turbo kyauta a mayar masa da kafireto, kuma da yawa suka kai. Wannan fa kamfanin mota mafi girma a duniya ke nan a wancan zamani, da injiniyoyinsa da kuɗinsa.

Ɗaya motar, Chevrolet Corvair, masu ita sun bi wata hanya. Suka rage matsin inji zuwa ninki 8, suka canza bawul, suka ƙarfafa karanshaf da sandunan fistan. Ƙarfi ya tashi daga doki 102 zuwa 150, kuma an ci gaba da sayar da ita da turbo har 1966. Kamfani ɗaya, shekara ɗaya, bambancin kawai ɗaya an gyara cikin injin don ya karɓi baƙon, ɗaya kuwa an ɗora masa ne a ka.

Duk wanda ya zo daga baya darasin Corvair ya ɗauka. A 1973 BMW na Jamus ya sa turbo a motarsa 2002, ya sauke matsi daga sama da 9 zuwa 6.9, ya sami doki 170 a maimakon 130. Ita kuma rashin sa'a ta yi, ta fito daidai lokacin da ƙasashen Larabawa suka rufe famfon mai saboda yaƙin watan Oktoba na wannan shekara, farashi ya haura, ba mai son mota mai shan mai. Guda 1,672 kawai aka ƙera. A 1978 Mercedes ya fito da 300SD mai injin gas da turbo. A ido injin kamar na sauran ne, mai silinda biyar, amma a ciki an sa 'yan bututu masu fesa baƙin mai a ƙarƙashin kowane fistan don sanyaya shi, an ƙara girman famfon baƙin mai, an taurara karanshaf, an canza bawul. Saab na Suwidin da Porsche su ma a waɗannan shekaru suka shigo, daga nan abin ya zauna da gindinsa.

Yanzu mu dawo gida. Peugeot ya fito da 504 a 1968, kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da yin 504 a can shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Abin da ya sa ta karɓu a ƙasar nan kowa ya sani: ba ta da tsaurin ido, da sifana da filaya ake gyara ta a gindin bishiya. Injinta na lita 2 yana ba da doki wajen 95. A duk tsawon shekarun nan kamfanin bai taɓa sayar da 504 mai fetur da turbo ba. Ba don bai san turbo ba ne, don a 1979 shi ya fara sayar da ƙaramar mota mai gas da turbo a Turai, wato 604. Sa'an nan a 1983, da ya so ya yi 505 mai fetur da turbo, ga injin lita 2 irin naka a hannunsa, yana cikin dubban 505, amma bai taɓa shi ba. Sai ya ɗauko wani inji na daban mai lita 2.2 da ya gada daga kamfanin Simca, ya sa masa injekta a maimakon kafireto, ya sami doki 150. Mu dai a ganinmu, in mai abu da kansa ya tsallake injin, ya kamata ɗan gareji ya tambayi kansa me ya gani.

Haka ma gingimarin nan 911 da ta yi shekaru tana ɗaukar hatsi da shanu zuwa kudu. Injinta na asali ba turbo, yana ba da doki wajen 130, akwai kuma ɗan'uwansa mai turbo da ke haura 160. Direbobi suna ganinsu kamar tagwaye, amma fistan da famfon gas ɗinsu ba ɗaya ba ne.

To me za a yi wa taka in har an nace? Sai a sauke inji a canza fistan da masu rage matsi. Sai a ƙera sabon bututun hayaƙi da zai ɗauki nauyin turbo da zafinsa, ba waldar bakin titi ba. Sai a jawo baƙin mai daga inji zuwa turbo, a huda kaskon ƙasa a yi masa hanyar komawa, domin waccan farfela mai juyi 100,000 a kan fatar baƙin mai take yawo, in ya yanke na ɗan lokaci ta tafi ke nan. Kafireto kuma ba a yi shi don a hura masa iska ba, sai an toshe duk kafofinsa an canza famfon mai, in ba haka ba iskar ce za ta kore fetur baya, inji ya sami iska da yawa mai kaɗan, abin da ke narka fistan ke nan. Sai a ja taimin baya. Sai a nemo ɗan lagireton da ke sanyaya iska kafin ta shiga, a ƙara girman na ruwa. Bayan duk wannan, kuloci da giya da birki suna nan yadda suke, an yi su ne daidai doki 95. Samarin Turai da Amurka da suke wannan aiki yawanci a kan injin zamani suke yi, mai ƙwaƙwalwa, su haɗa ta da kwamfuta su daidaita mai da wuta. In an yi komai daidai, da matsakaicin hurawa, ana samun ƙarin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Taka za ta iya kai doki 125 ke nan.

Amma su wasa suke yi da ita. Yaro ya taka totur na daƙiƙa goma ya saki, inji ya huce. Kai kuwa buhu za ka lafta mata, ka fito daga ƙauye cikin rairayi a giya ɗaya, a watan Afrilu da zafi yake haura awo 40, ka yi minti ashirin ƙafarka tana ƙasa. Ba abin da ke kashe inji mai turbo kamar wannan. Wani abin kuma, turbo sai hayaƙi ya yi yawa yake farkawa, wato sai inji ya ɗau juyi. A daidai wurin da ka fi bukatar ƙarfi, sa'ad da kake tashi da lodi ko taya ta nutse a yashi, kusan ba ya ba ka komai.

Ga kuma ƙurar hunturu, wadda in matatar iska ta huje take cinye fukafukan farfela kamar an goga musu dutse. Ga man da ake saye a galan a bakin hanya, wanda ba ka san me aka gauraya masa ba. Ba a manta ba, a farkon 2022 ko a gidajen mai an sayar da gurɓataccen fetur da ya lalata motocin jama'a. Injin 504 yana haɗiye irin wannan ya yi tari ya wuce, mai turbo ba ya yafewa. Batun shan mai kuwa, ƙarin iska ƙarin fetur yake nema. Gaskiya ne sababbin motoci da yawa yanzu ƙaramin inji ne da turbo, kuma suna tsimin mai, amma tsimin daga ƙanƙantar injin yake zuwa. Kai naka girmansa bai ragu ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kai ka fi mu sanin abin da zuwa Dawanau da dawowa yake ci.

Sa'an nan akwai abin da ka faɗa da kanka a wasiƙarka, cewa motar ta fara gazawa. Wato da ba haka take ba. Injin da ya yi shekaru yana aiki, ringinsa ya cinye, bawul ba sa rufewa sosai, watakila cikin doki 95 ɗin nan saba'in suka rage. Hura wa irin wannan iska kamar ka ɗora wa tsohon jaki mangala biyu ne don ka ba shi dusa. Ka sa bakanike mai abin awo ya auna matsin kowace silinda. Ka duba ko tana hayaƙi shuɗi, ko tana shan baƙin mai. In haka ne a yi mata ringi, a wasa bawul, a wanke kafireto, a canza fulogi da matatar iska, a saita taimin, a duba ko kuloci yana zamewa ko birki yana kamawa. Dawakin da suka ɓata su za ka fara nemowa, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na turbo ba.

In kuwa fataucin ne ya girma har ya fi ƙarfin motar, abin da muke ba ka shawara shi ne ka nemi motar da aka haife ta da turbo, mai gas, ko a ɗora maka cikakken inji ɗan Beljiyam tare da giyarsa, ka kuma je a gyara lambar inji a takardunka don kada ka sha tambaya a hanya. Wajen saye ka cire bututun iska ka kama sandar farfela da yatsa ka girgiza. In tana taɓa bango, ko ka ga baƙin mai ya taru a bututun, ka bar musu kayansu. In ka samu mai kyau, ka riƙa juye baƙin mai a kan kari da mai nagari, da safe ka bar inji ya ɗan yi zafi kafin ka taka, kuma in ka iso Dawanau da lodi kada ka kashe shi nan take. Ka bar shi yana aiki a tsaye kamar minti biyu, farfela ta huce, don in ka kashe da zafinta baƙin man da ke cikinta ƙonewa yake yi ya toshe hanya.